Ku Tambayi Lauya: Sau Biyu Lambata Ba Ta Fito Ba, In Kama Hanyar Amurka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya Lauya, Allah ya ƙara girma. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, shekarata 27. Na gama digirin shari'a, wato LLB, kuma sau biyu ke nan ina zama jarrabawar shiga makarantar horar da lauyoyi ban samu ba. Na farkon bai dame ni sosai ba, don na san ban shirya ba. Na biyun ne ya karya mini gwiwa. Wata shida na yi ina zuwa darasin share fage da yamma, Mma ce ta kwashe adashinta ta biya. Ranar da sakamako ya fito ina rumfarta ina naɗe wa mutane waakye, wato shinkafa da wake, a ganye, sai ƙawata ta turo mini jerin lambobi ta WhatsApp. Da yatsa mai maiƙo na bi jerin nan har sau uku. Ina cikin na ukun wani dattijo ya ce, "Lauya, ƙara mini yaji." Tun ina aji biyu a jami'a unguwa ta laƙaba mini wannan suna. Na ƙara masa yajin, na zaga bayan rumfa na yi kukana.

Yayana yana Bronx a New York, tuƙin tasi yake yi. Ya ce in rabu da Ghana, in rubuta wata jarrabawa wai ita LSAT in zo can in yi karatun lauya, zai taimaka. Na sauko da samfurinta na gwada. Hajiya, ko ƙwayar doka babu a ciki! Sai a ba ka wani ɗan zance a ce wace magana ce za ta raunana hujjar mai shi, ga amsa biyar duk kamarsu ɗaya, agogo na gudu. Ban kai ƙarshe ba lokaci ya cika. A nan an auna karatun shekara huɗu da 'yan sa'o'i, a can kuma za a auna ni da abin da ba shari'a ba. Wane irin adalci ne wannan, daga mutanen da sana'arsu ke nan adalci?

Gwaggona kuma ta fara cewa takardar da nake da ita ta isa, in fito da miji. Ki ba ni shawara: in zauna karo na uku, in bi maganar Yaya, ko in haƙura?

Ɗiyarki daga Aboabo.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya saka wa Mma da alheri, ya mayar mata da adashinta ninkin-ba-ninkin.

Bari in fara da abin da tsararrakina ba su cika son faɗa ba: ni ban taɓa zama wannan jarrabawa ba. A zamaninmu Jami'ar Ghana da ke Legon ce kaɗai ke ba da digirin shari'a a ƙasar nan. In ka gama lafiya, sai ka tattara littattafanka ka gangara Makola a cikin Akra, inda Makarantar Horar da Lauyoyi take, wadda aka kafa tun 1958 zamanin Kwame Nkrumah. Babu wanda ya tare mu a ƙofa. Don haka in kika ji wani babban lauya mai furfura yana cewa yaran yanzu ba sa karatu shi ya sa suke faɗuwa, ki gaishe shi da ladabi, amma ki sani a ranki shi ma ba a gwada shi da ita ba.

Ruwa ba ya tsami banza. A 2003 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) a nan Kumasi ta buɗe nata sashen shari'a, daga baya cibiyar GIMPA da ke Akra da Jami'ar Cape Coast da jami'o'i masu zaman kansu suka biyo sahu. Masu LLB suka yi ta ƙaruwa, amma ƙofar zama lauya ta ci gaba da zama guda ɗaya, a hannun hukumar da ake kira General Legal Council, wadda dokar 1960 ta kafa. An buɗe reshe a Kumasi da wani a Greenhill da ke Akra, duk da haka kujeru ba su kai yawan masu nema ba. A 2012 aka shigo da jarrabawar shiga. Farfesa Stephen Kwaku Asare, wanda aka fi sani da Kwaku Azar, ya kai ƙara, kuma a 2017 Kotun Ƙoli ta ce jarrabawar da ganawar baka da ake yi wa ɗalibai ba su da tushe a ƙa'idojin da ke aiki a lokacin. Sai aka yi sabuwar ƙa'ida a 2018, jarrabawa ta samu gindin zama.

Yanzu ki dubi waɗannan alƙaluma. A 2019 mutum 1,820 suka zauna, 128 suka haye. Ranar 7 ga Oktoba ta wannan shekara ɗalibai suka fito zanga-zanga a Akra sanye da jajayen kaya, suka nufi fadar shugaban ƙasa, 'yan sanda suka tarbe su da motar feshin ruwa. Shekarar da ta biyo, 2020, mutum 1,045 suka haye. A 2021 kuwa 2,824 suka zauna, aka ce 790 ne suka ci, alhali akwai wasu 499 da jimillar makinsu ta kai 50 cikin 100, aka ce ai sai mutum ya kawo rabin maki a kowane ɓangare na takardar. Magana ta kai majalisar dokoki, ta kai fadar shugaban ƙasa, a ƙarshe aka ɗauke su. To ki gaya mini, tsakanin 128 da 1,045, cikin wata goma sha biyu ƙwaƙwalwar 'yan Ghana ta ninka sau takwas ne? Jarrabawar da aka ƙirƙira don kujeru sun yi kaɗan, aikinta na farko rage mutane ne. Fushinki yana kan hanya, kuma ba zan ce ki haɗiye shi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki ɗauki rashin fitowar lambarki a matsayin hukunci kan ko kin dace da aikin lauya. Takardar ba ta da wannan ilimin.

Sai maganar Yaya. Allah ya yi masa albarka, zuciyarsa a kanki take, amma shawararsa gudun gara ce a faɗa gidan zago. A Amurka ba a shiga karatun shari'a daga sakandare. Sai mutum ya gama digirin farko a kowane fanni, tarihi ne ko kimiyya ko kiɗa, sannan ya nemi digirin shari'a, wato JD, na shekara uku. Shi ya sa kika ga babu doka a LSAT: masu rubuta ta ba su taɓa karanta doka ba, don haka ana gwada yadda suke warware hujja da fahimtar rubutu mai nauyi cikin gaggawa. Tun 1948 ake yin ta, maki daga 120 zuwa 180, kowane ɓangare minti 35. Su ma can ba su daina faɗa a kanta ba. Akwai wani ɓangare na wasan ƙwaƙwalwa da sai ka zana jadawali kafin ka warware, wani makaho ya kai ƙara cewa an zalunce shi tunda ba ya iya zane, kuma daga Agustan 2024 aka cire ɓangaren gaba ɗaya. Jami'ar Arizona ta fara karɓar GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digirin farko, a madadinta a 2016, Harvard ta bi bayanta a 2017. Masu suka suna cewa ɗan mai kuɗi da ke iya biyan malamin horo ya fi ɗan talaka samun maki, irin dai kukan da muke yi a nan.

Ki yi lissafi kuma. Kuɗin rajistar jarrabawar kaɗai ya haura dala 200. Manyan makarantun shari'a masu zaman kansu a can, kuɗin karatu kawai ya wuce dala 60,000 a shekara, ba a yi maganar ɗaki da abinci da rigar sanyi ba. Ki ninka sau uku, ki mayar da shi kuɗinmu sidi, sannan ki tambayi Yaya fasinja nawa ke nan daga Bronx zuwa filin jirgi. Ana ba da tallafi, amma mafi tsoka yana zuwa ga masu maki na sama-sama, kin ga an sake dawowa kan jarrabawar da kike gudu. Kuma duk wannan don ki sake karanta kwangila da laifuka da kika riga kika karanta.

Abin da Yaya bai sani ba, mai LLB yana da wata ƙofa daban: digiri na biyu, LLM, na shekara ɗaya, wanda ba a neman LSAT a kansa. Jihar New York tana barin waɗanda suka yi karatun shari'a a ƙasashen waje su zauna jarrabawar zama lauya, amma sai hukumarsu ta tantance takardun kowa ɗaya bayan ɗaya. In ranki ya kwanta da zama can, ki fara aika takardunki a tantance kafin ki kashe ko sisi. Wasu kuma Gambiya suka nufa suka zama lauyoyi a can. Sai dai duk wanda ya zama lauya a waje, in yana son tsayawa gaban alƙali a Ghana, dole ya dawo gida ya yi kwas na musamman kan dokokin ƙasar nan, har da na gargajiya. Hanyar ta yi zagaye ne kawai. A wasiƙarki ban ji ƙamshin mai son barin Kumasi ba. Na ji mai jin kunyar bi ta layin unguwa ana kiranta da sunan da ba ta kai ba tukuna. Kunya ba dalilin cin bashin dala ba ce.

Ni dai na ce ki zauna karo na uku, amma ba irin zaman da kika yi a baya ba. Ga dalilina.

Akwai wani yaro da ya yi mini aikin akawu a ofishina a Adum, ɗan Sabon Zango. Sau uku yana faɗuwa. In ana hira a ofis ya fi wasu lauyoyina sanin shari'o'i, har shekara da sunan alƙali yake kawowa. Wata Asabar na zaunar da shi, na cire agogon hannuna na ajiye a kan tebur, na rubuta masa tambaya mai layi huɗu: 'yan sanda sun kama wani mai sayar da waya a kasuwar Kejetia ranar Alhamis, har Talata ba a kai shi kotu ba, matarsa ta zo wurinka, ba ta shawara. Na ce minti talatin. Yaron nan ya sunkuya yana ta zuba rubutu kamar ana binsa da bulala. Da na karɓi takarda, shafi ɗaya da rabi duk tarihin shari'ar Re Akoto ce ta 1961: yadda aka tsare Baffour Osei Akoto, babban mai magana da yawun Asantehene, sarkin Asante, a ƙarƙashin dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958, yadda lauya J.B. Danquah ya tsaya masa, yadda kotu ta ƙi. Babu kuskure ko ɗaya. Amma har lokaci ya cika bai ambaci cewa sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin sa'a 48 ba. Bai faɗi cewa Kotun Ƙoli ta yanke a 2019, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin ba. Bai ce a garzaya Babbar Kotu a ƙarƙashin sashe na 33 ba, bai yi zancen diyya ba. Na ce masa, "Matar nan tana zaune gabanka da goyo, ka ba ta tarihi, mijinta yana can a kulle." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, haka na yi sau uku."

Mu 'yan zango makarantar allo ta bar mana baiwar hadda. Yaron da ya riƙe izu goma kafin ya balaga, haddace sassan kundin tsarin mulki wasa ne a wurinsa. Baiwar ce kuma ke kayar da mu, don in muka ga tambaya sai mu juye duk abin da ke kai, muna tsoron kada mai dubawa ya zaci ba mu sani ba. Ki tuna yadda malamin unguwa yake yi in an kawo masa rabon gado. Ba ya buɗe littafin fiƙihu daga bangon farko ya fara karantowa. Sai ya ce: wa ya rasu? Wa ya bari? Akwai bashi? Akwai wasiyya? Sannan ya ce wance tumuni, wane kaza. Wannan shi ne abin da mai duba takardarki yake nema: ki fito da matsalar da ke ɓoye cikin labarin, ki kawo dokar da ta shafe ta a layi biyu ko uku, ki ɗora dokar a kan mutanen da ke cikin tambayar da sunayensu, ki yanke. Yana da tarin takardu a gabansa, idonsa ya gaji. In bai ga amsa a sakin layi na farko ba, ba zai tona shafi na uku nemanta ba.

Yaron ya yi wata huɗu kowace Asabar yana rubuta amsa biyu a gaban agogon nan. Ban ƙara masa ilimin doka ko na anini ba, yanke masa kawai na yi ta yi da jan biro. A karo na huɗu ya haye. Ba zan ce agogona kaɗai ya yi aikin ba, a shekarar ƙofa ma ta ɗan buɗe. Amma da ta buɗe ta same shi a tsaye a bakinta.

Kin ce wata shida kina darasin yamma. Tambayata ɗaya: a cikin wata shidan nan, amsa nawa kika rubuta da hannunki, agogo na tafiya, wani ya duba ya mayar miki? In amsar ba ta kai ashirin ba, to sauraro kika biya wa kuɗi. Yawancin irin waɗannan azuzuwa malami ne a gaba da makirufo, ɗalibai ɗari suna kwafa, wato an sake maimaita miki jami'a. Kada Mma ta sake taɓa adashinta. Ki nemi mutum uku masu niyya irin taki, ku tattara tambayoyin shekarun baya kan tsarin mulki, tsarin shari'ar Ghana, kwangila, laifuka, ɓarna da diyya, da dokar filaye. Ku rubuta, ku yi musayar takardu, ku duba wa juna ba sani ba sabo. Ki kula da sababbin dokoki, don littafin da kika karanta a aji biyu wataƙila ya riga Dokar Filaye ta 2020. Ki karanta sanarwar jarrabawar ta shekarar da za ki zauna kalma bayan kalma, labarin mutum 499 ya isa darasi. Sai Turanci. A gida Hausa kike yi, a kasuwa Twi, a makaranta Larabci, Turanci ya zo na huɗu. Ba aibi ba ne, amma a gaban agogo yana cin minti. Maganinsa gajerun jimloli. Ba a ba da maki don kalma ta yi tsawo.

Za ki ji ana cewa ki jira, gyara na zuwa. Gaskiya ne a 2025 Antoni-Janar Dominic Ayine ya bayyana shirin gwamnati na kawo ƙarshen wannan tsari na ƙofa ɗaya, a bar jami'o'i su ba da horon aikin lauya, sannan kowa ya zauna jarrabawar ƙasa guda ta zama lauya. Ina goyon bayan wannan, don ya fi dacewa a gwada mutum bayan an horar da shi. Ki riƙa bin sanarwar hukuma da kanki, ban da ji-ta-ji-tar WhatsApp. Amma ki lura, ko ta wace hanya aka bi, akwai takarda da agogo a ƙarshe. Horon da na gaya miki ba zai tashi a banza ba.

In gaya miki abin da ya sa na dage. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo ofishina, ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta ɗan kasuwar goro ne, ya bar gida ɗaya da 'ya'ya biyar. Dangin miji sun ce ta kwashe kayanta kafin a yi rabo. Ta riga ta je wurin wani lauya, aka yi magana ta bakin tafinta, ta ce "tumunin takaba", tafinta ya rasa yadda zai juya shi, aka tashi ba a fahimci juna ba. An ɗaura aurenta a masallaci da shaidu da sadaki, amma ba a yi rajistarsa ba, alhali dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi cikin mako ɗaya, abin da akasarinmu ba mu ma san da shi ba. Ga kuma dokar gado ta 1985, PNDCL 111, wadda ke hawa kan duk wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, ko wane addini yake bi, kuma ta haramta korar mace da 'ya'ya daga gidan aure kafin rabo. Aikin da ke gabana shi ne in zauna da malami da dattawan gidan, in san abin da addini ya ba ta, in san abin da kotu za ta ce, in yi magana da kowa da harshen da yake ji, a sasanta ba tare da an tozarta kowa ba. Sa'a uku muka yi a zaure. Babu jarrabawar shiga da ke auna wannan, ta nan ko ta Amurka. Daga Aboabo zuwa Asawase zuwa Alabar, ki ƙirga mata lauyoyi da za su iya wannan zama, ki ga ko yatsunki za su ƙare.

Gwaggo kuma kada ki yi musu da ita. Aure ba ya hana zama lauya, ni da cikin ɗana na biyu na yi jarrabawar ƙarshe a Makola. In manemi ya fito, ki gaya masa tun a zaure cewa akwai sauran karatu a gaba da koyon aiki a ƙarƙashin babban lauya, ki kalli fuskarsa da kyau lokacin da yake amsawa. Shi kuma dattijon mai yaji, bar shi ya ci gaba da kiranki Lauya, addu'a ce yake miki bai sani ba.

Na bar saƙo wurin edita, zai haɗa ki da ofishina. Ki zo ranar Asabar bayan azahar. Kada ki ɗauko littafi ko ɗaya, biro biyu da farar takarda sun isa, agogo yana wurina. Ki ce wa Mma ta naɗo mini waakye na mutum biyu, da ƙwai, yaji kaɗan saboda olsa.